Ƙafar Baya ta Hagu

"Wace ƙafa ce taka ma, ya ammi?" Talal ya tambaye ni, da ammin da 'yan Makka ke kiran baffa da shi. Hannunsa na kan gadon bayan akuyar yana latsawa, irin latsar da ake yi wa kankana a kasuwa.

"Ta baya, ta hagu," na ce. "Wadda take shirin shurinka da ita."

Muna saman rufin gidan uwarsa ne, Hajja Baraka, a unguwar Ka'akiyya ta Makka, bayan la'asar. Uwar tana ƙasa a kwance da robar iska a hanci. An sallamo ta daga asibiti da irin sallamar da likita ke yi ba ya haɗa ido da kowa. Ɗan kuwa ya hawo sama yana auna naman sadakarta. Ban ce mugu ba ne. A Jidda yake aikin ofis, inda ake koya wa mutum ya shirya wa abu tun bai zo ba.

"Yani, in ƙaddara ta sauka, layin nan cika zai yi," ya ce. "Ranar uku dole a ci abinci. Akuyar umma ce, ita ta fi dacewa da sadakar umma."

"Rabin akuyar umma," na ce.

Ya juya wajen Uzair, direban tasi, mai ƙafar baya ta dama. Uzair ya dubi takalminsa. "Ni dai, Ustaz, duk abin da kuka yanke."

"Ba a yanke komai ba tukuna," na ce, "har da ita."

Ga yadda na zama mai ƙafar akuya, ni Jibril, da na ƙarar da ƙuruciyata ina gyaran rubutun littattafai a wani kanti da faɗaɗa Harami ta cinye. Hajja Baraka haifaffiyar Makka ce, jikar mutanen Damagaram da suka zo hajji da ƙafa suka manta hanyar komawa. Tun mutuwar mijinta take sayar da abinci daga gida: alkaki, daƙuwa, yaji, da fura da nonon akuyarta, Gimbiya. Da aka fara ba masu sana'ar gida takardar izini, jikarta Raghad ta nemo mata. Ma'aikacin da ya zo duba ɗakin girki ya yaba tsafta, ya ci alkaki, sannan ya ce abin da aka soya ko aka busar ba laifi, amma ɗanyen nono kada ya ji an sayar.

"To in mutum ya sha nonon akuyarsa fa?" in ji Baraka.

Ya yi dariya. "Wa zai hana mutum akuyarsa, ya hajja?" Bai tambayi inda akuyar take kwana ba, ita ma ba ta ce ya hau sama ya gani ba.

Matata Asiya ce ta ƙarasa dabarar. Ta ce ƙafa huɗu gare ta, a raba. Baraka ta riƙe na gaba, Asiya ta sayi ɗaya, Uzair ya sayi ɗaya saboda ulsarsa. Kowa ya riƙa kawo nasa rabon ciyawar barsim da sha'ir, kowa ya sha nonon dabbarsa. Ni na ce musu a fiƙihu sunan wannan sharika, wato tarayya, kuma halal ce. Asiya ta ce an gode, da ma ba a tambaye ni ba.

Da Asiya ta rasu, danginta na Zariya suka kwashe abin da ke shiga akwati. Ƙafar akuya ba ta shiga akwati. Tun daga ranar, kullum da hantsi Baraka take tsallako titi, ta hawo bene tana haki, ta buga ƙofata, ta miƙo kofin nono. "Ga rabon ƙafarka, mijin Asiya." Ba ta shigowa, ba na tsayar da ita. Duk garin da ke cika da baƙin Allah daga kowace kusurwa ta duniya, wannan ne kaɗai bugun da ƙofata ke samu.

Muna nan tsaye a rufi Raghad ta leƙo daga matakala. "Ammu Jibril, sitti tana kiranka." Haka take kiran kakarta.

Na same ta ta ƙanƙance a cikin gado, kamar an cire mata rabi an ajiye wani wuri. Ɗakin yana ƙamshin turaren wuta da maganin asibiti, kowanne yana neman rinjayar ɗan'uwansa.

"Sun gama auna ta?" ta ce.

"Wa ya gaya miki?"

"Rufin nan na fi shi sanin takun mutane. Zauna. Na ba ka ƙafafuna biyu."

"Hajja, kyautar mai jinya mai nauyi wasiyya ce, ba ta wuce sulusi. Kuma kyauta ba ta cika sai an karɓa a hannu."

"Allah ya ji ƙan Asiya," ta ce. "Ta sha fama. Tukwanena kaɗai sun ninka rabin akuya. Batun hannu kuma, ba ka da shi ne? Kama igiya ka ja."

Ta yi tari mai tsawo. Raghad ta ba ta ruwan zamzam a cokali.

"Ba na son a ci ta a kaina," ta ce da numfashi ya dawo. "Mutanen da suka sha nononta shekara da shekaru su zo su tsamo ƙashinta a cikin shinkafa suna yi mini addu'a? A sayo rago a kasuwa, wanda ba mu san sunansa ba. Ka ji?"

"Na ji."

"Ji daban, alkawari daban."

"Na yi alkawari. Ba za a yanka ta ba."

Ta rufe ido. Ita cewa ta yi kada a ci a kanta. Ni na ƙara da kada a yanka, don mai gyaran rubutu ba ya iya barin jimla yadda ya same ta.

Saukar da akuya daga bene ba ya cikin abin da na karanta. Ta kafe ƙafafu, ni ina ja, Uzair yana turawa yana salati. Talal ya biyo mu har ƙofa.

"Wallahi abin kunya ne, ya ammi! Mutum kamarka!"

"Mutum kamata yana da ƙafa uku yanzu. Kai ba ka da ko kofato."

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Ka ajiye ta a shukka, a ɗan gidan benen nan naka, mu gani."

Na ajiye ta. Muka tsallaka titi masu kanti suna leƙe, mai wankin mota ya bar mota yana kallon Ustaz da jallabiya yana kokawa da dabba. Na ɗaure ta a barandar gidana, inda Asiya take shanya, na shimfiɗa kwali, na zuba barsim. Daga nan ana hango rufin Baraka sarai. Gimbiya ta sa kai tsakanin ƙarafa ta tsaya tana kallonsa.

Washegari na ɗauki kofi na durƙusa. Na ga Baraka tana tatsa sau da yawa, kuma na ɗauka abin da ido ya gani hannu ya iya. Ƙafar da ta fara shurina tawa ce, ta hagu. Da ƙyar na sami abin da ya rufe gindin kofi. Na kai wa Baraka, wannan karon ni na tsallaka titi ni na buga ƙofa.

Ta taɓa da harshe. "Ta riƙe nonon. Hannunka da sanyi. Ka murza shi tukuna, kuma ka yi mata magana."

"Me zan ce wa akuya?"

"Abin da ba ka sami lokacin gaya wa Asiya ba. Ai zai kai ku damina, in ana damina a garin nan."

Raghad ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Ni ban yi ba. Amma da hantsin da ya biyo na murza hannu, na duba ko maƙwabta na kallo, na fara. Ba wani babban sirri ba ne. Na ba ta labarin ranar da na fara ganin Asiya a tashar jirgin ƙasa ta Zariya, ta rungume kwanon abinci kamar za a ƙwace. Gimbiya ta karkaɗa kunne. Kofin ya kai rabi. Na ce wa kaina murza hannun ne.

Baraka ta cika ranar wata Alhamis, da walaha, Raghad na shafa mata mai a ƙafa. Ina baranda na ji kukan ya fito ta taga. Aka yi mata salla a Harami bayan la'asar, a jere da wasu gawarwaki da ba ta taɓa sani ba, mutane dubbai suka ce amin ga matar da ba su taɓa cin alkakinta ba. Muka kai ta maƙabartar Shara'i. A can ba a rubuta suna a kabari, dutse ne kawai a kai. Asiya ma tana can, a wani layi da na daina iya ganewa.

Talal ya sayo rago. Ya jera kujeru a layi, aka zuba kahwa, gahawar Larabawa, ranar uku aka ci shinkafa. Ya zo da kansa ya ajiye mini faranti. "Ka ci, ya ammi. Wannan ba shi da suna." Idonsa ya yi ja. Na ci. Na yi nasara, kuma na zauna a kujerar roba ina jin daɗinta kamar yadda ake jin daɗin magani.

Gimbiya kuwa tun ranar Alhamis ta rage ci. Na sauya barsim, na jiƙa sha'ir, na sayo dabino mai tsada wanda ni kaina ba na ci. Ta shinshina ta juya kai wajen rufin. Uzair ya ɗauke mu a tasinsa zuwa wajen likitan dabbobi a kasuwar tumaki. Likitan ya buɗe bakinta, ya ce tsufa ne, haƙora sun ƙare, ya yi allura don kada mu fita hannu wofi. Nonon ya ɗauke. Ni dai ban fasa zama kusa da ita da hantsi ba, kofi a hannu, ina ci gaba da labari. Mun kai shekarar da muka sauka Makka, ɗakinmu na farko a kan dutse, da yadda Asiya take hawa da tulun ruwa tana zagin wanda ya kawo ta.

Wata safiya na dawo daga masallaci na same ta kwance, wuya a miƙe, ciki yana hawa yana sauka da ƙyar. Na kira Uzair. Ya zo ya tsuguna, ya ɗaga fatar idonta. Duk shekara yana aikin yanka lokacin hajji, ya san abin da yake kallo.

"Ustaz, ba za ta kai azahar ba."

"To a bar ta ta tafi."

"In ta tafi da kanta mushe ce. Ba mai ci, ba inda za mu binne. Buhu za a sa ta, motar shara ta ɗauka." Ya goge gumi. "Akuyar da Hajja take goge wa kofato da tsumma. Ni dai ƙafa ɗaya gare ni. Kai ke da uku."

Na nemi mafita a cikin duk abin da na haddace. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan dabbar da ta kusa mutuwa, a kan motsin ƙafa da ƙiftawar ido da ke nuna da sauran rai. Babu wanda ya yi magana a kan tsohon da ya yi wa maƙwabciyarsa alkawarin da ya fi wanda ta nema. A ƙasa na ji ƙarar motar shara tana matse kayan da ta kwasa a kwanar layi.

"Wuƙarka na mota?" na ce.

Muka juya ta alƙibla. A Makka wannan ba ya wahala, kowa ya san inda take. Uzair ya ce in danne ƙafafun baya kada ta fizge. Ba ta fizge ba. Na riƙe tawa, ta hagu, da hannun da na murza. Ya yi bisimilla. Ƙafar ta motsa a tafina sau ɗaya, a hankali, ba irin shurin da ta saba yi mini ba.

Da ya gama fiɗa ya ce, "Yaya za a raba?"

"Ba wanda zai ci a layin nan. Har kai."

"Ulsata ma ba ta son nama," ya ce.

Ya ɗaure naman a leda, ya ce zai kai unguwar Shisha, wajen wasu leburori da ke gini, mutanen da ba su san sunanta ba, ba su san na Baraka ba. Ya sauka da ledar a kafaɗa. Na kwara ruwa a baranda har ya fita fari ta bututu.

Da yamma Raghad ta bugo ƙofa. Ta kawo alkaki a kwano, na farko da ta yi ita kaɗai. Ta leƙa baranda ta bayan kafaɗata, ta ga igiya, ba ta tambaya ba.

"Ya yi tauri, ammu," ta ce. "Sitti za ta ce na yi wa bango bulo."

Na gutsira. Ya yi tauri. "Ki kawo gobe ma," na ce.

Ban kwance igiyar ba. Da hantsi na jawo kujera inda na saba, kofin Baraka a cinyata. A tsallaken titi wani ma'aikaci yana kwance rumfar kwanon da Gimbiya take kwana a saman rufin Baraka, yana jefo katakon ɗaya bayan ɗaya. Tattabaru biyu suka sauka a kan ƙarfen baranda, suka dire, suka shiga tsintar ragowar sha'ir a tsakanin tayil. Na ga ina murza hannuwana.