Gonar Baba Faki a Ƙarƙashin Teku

"Ku ajiye shi," in ji Bi Mtumwa. "Na ce ku ajiye min miji."

Lokacin mun riga mun fito da gadon daga ɗaki. Ni ina riƙe da wajen kai, Kombo mai kwale-kwale yana wajen ƙafa. Baba Faki yana kwance a kai, babu nauyi ko kaɗan, an lulluɓa masa zane har ƙirji. Dungun hannunsa na dama yana waje.

"Vuai, ku wuce kawai," ya ce da ni. "Haka take faɗa kullum in zan fita, kuma kullum ina dawowa."

"Ka taɓa dawo min ba hannu," in ji ta.

Ta koma ciki ta yafa mayafi, ta biyo mu.

Katangarmu ɗaya da su a ƙauyenmu da ke gaɓar tsibirin Pemba. Tun ina ƙarami na san Baba Faki da kamun kifi da nakiya. Ya ɗura ta a kwalba, ya kunna, ya jefa kan duwatsun murjanin da ke tsirowa a ƙarƙashin teku. Kifi ya taso a mace, murjanin ya ruguje a ƙasa. Wata rana kwalbar ta riga shi, ta fashe a hannunsa. Bayan ya warke sai ya koma gyaran raga a gindin mangwaro, har shekarar da wata ƙungiya ta zo da gadajen ƙarfe, ta ce ana iya dasa murjani kamar yadda ake dasa rogo: a ɗaure ƙananan rassa a jikin ƙarfen, a nutsar, su girma. Mutane suka yi ta dariya. Shi ne ya fara zuwa. Ban taɓa jin ya ce tuba ya yi ba. Cewa yake yi zaman mangwaro ne ya ishe shi.

Ni nake nutsewa in ajiye abin da ya ɗaure. Gonarsa muke kiran wurin.

A bana damina ta yi jinkiri, teku ta ɗau zafi kamar ruwan wankan jego. Murjani in zafi ya yi masa yawa launinsa yake zubarwa. A daidai lokacin ciwon ƙirji ya kwantar da Baba Faki, asibiti suka ce a mai da shi gida. Bi Mtumwa ta tare ni a bakin rijiya ta ce in ya tambaya in ce gona lafiya lau. Amma yana da rediyo. Rediyon kuwa ya gaya masa cewa daga nan har Ostiraliya murjani ya yi fari, ana ta taro a kan lamarin. Shi ya sa ya ce sai ya gani da idonsa.

Muka kwantar da shi a kwale-kwalen, matarsa ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta. Babu iska, Kombo ya tuƙa da hannu. Ruwan garau yake, ko motsi ba ya yi.

Da muka isa na ɗauko bokitin da muka sa wa gilashi a gindi, na danna shi cikin ruwa. Kombo ya tallafo Baba Faki ya leƙa.

Gadajen suna nan a jere. Rassan da a da suke ruwan ƙasa da shuɗi-shuɗi duk sun koma fari fat, kamar ƙasusuwa da aka wanke. Ya daɗe yana kallo, numfashinsa yana amsa kuwwa a cikin bokitin.

"Ɗan banza ya yi kyau," ya ce. "Kamar mai shirin Idi."

"Ka gani ai. Mu koma," in ji Bi Mtumwa.

"Vuai, akwai gansakuka a jikinsa?"

"Babu tukuna, Baba."

"To bai mutu ba, yunwa ce. In ruwa ya huce da wuri wani zai tashi." Ya koma ya kwanta. "Ni kam da nake kashe shi ba na sa shi jira haka. Ƙara ɗaya, an gama."

Kombo ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya kama bakinsa.

A hanyar dawowa Baba Faki ya ce yana son rogo da miyar kwakwa. Ta ce shekara nawa tana dafawa yana cewa gishiri ya yi yawa. Ya ce to ta rage. Ta dafa da yamma, ya ci loma biyu, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Ranar Laraba da hantsi ina gyaran ƙofa na ji ta kira sunana ta kan katanga, a hankali, kamar za ta ari wuta. Na shiga na same shi ya cika. Ta riga ta rufe masa ido, ta kashe rediyon, tana zaune a ƙasa tana naɗe zanen da ya zame. Kafin la'asar aka kai shi.

Ruwan sama ya sauka bayan sadakar bakwai, teku ta fara hucewa. Ban koma gonar ba sai da aka yi arba'in. Fiye da rabi ya mutu, gansakuka ta lulluɓe shi, mai santsi, baƙi-baƙi. 'Yan ƙungiyar suka zo suka ɗau hotuna, suka ce mu ɓamɓare matattun, mu ɗebi iri daga waɗanda suka jure.

Na gaya wa Bi Mtumwa. Tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba.

"Wasu sun tashi?"

"Sun tashi, Inna."

"To," ta ce, ta ci gaba da tsinta.

Washegari na nutse da wuƙa ina yanke igiyoyin matattun. A gado na ƙarshe akwai wani reshe da launinsa ya dawo. Igiyar da ke riƙe da shi duk shatin haƙora ne, don da baki Baba Faki yake jan ƙulli. Murjanin ya riga ya hau kan igiyar, ya rufe rabin shatin. Wani ɗan kifi rawaya yana shiga tsakanin rassan yana fita. Na tsaya a wurin har numfashina ya ƙare, sannan na taso.