Abin da Motar Curtis Za Ta Iya Ja

Kamfanin shimfiɗa bututun mai ya ɗauki Curtis aikin walda na shekara biyu, daga Oklahoma har Dakota ta Arewa, yau nan gobe can. Matarsa Rhonda ta ce ba za ta zauna gadin waya ba, binsa za su yi. Suka saki gidan haya. Ranar Asabar suka je filin sayar da tirelolin kwana, irin ƙananan gidajen nan da mota ke ja, a bakin garin Enid, su huɗu: ita da shi, da ƙaramin ɗansu Wyatt, da Shelby, 'yarta ta auren fari, mai shekara goma sha huɗu.

Tirelar da Rhonda ta sa wa ido tana da ɗan ɗaki a baya, gado sama da ƙasa, da ƙofa mai sakata. Shelby ta haye gadon sama da takalminta.

"Kowa ya fita, ɗakina ne," ta ce.

"Sauko, sarauniya, ba a saya ba tukuna," in ji Curtis.

Dillalin, wani mai tumbi da ake kira Dwayne, bai damu da tirelar ba. A-kori-kurar Curtis ya zagaya, ya dafa injin waldar da ke ɗaure a bayanta.

"Maigida, wannan ƙaton ya riga ya cinye rabin ƙarfin motarka. Nauyin wuyan tirela a kan mota yake sauka. Ga ruwan tanki, ga ku kanku, don mutum ma kaya ne a wurin sikeli. In ka ja tirela mai ɗakin nan, a gangaren farko ita za ta tuƙa ka."

"A sauke injin mana," in ji Rhonda.

"In yi waldar da me?" Curtis ya ce. "Da yawu?"

Dwayne ya kai su wurin wata ƙarama. Gado ɗaya ne na mata da miji, sai teburin cin abinci da ake naɗewa ya zama makwancin yaro. Shelby ta gwada kwanciya a kai, ƙafafunta suka leƙo waje. Ko da ya ishe ta, wurin Wyatt ne.

Curtis ya sosa ƙeya, ya juya wurin Rhonda. "Ai tsohuwarki ta ce ɗakin ɗinkinta yana nan babu kowa. Ga makaranta kusa. Ya ma fi wa yarinyar."

"Yaushe kuka yi maganar?"

"Kwanaki."

Rhonda ta dube shi. Mutum ne da ba ya wuce sikelin manyan motoci bai hau ba. Ya san nauyin motarsa kamar yadda ya san lambar takalminsa, kuma da saninsa ya bar yarinyar ta haye gadon nan na sama.

"Mista Dwayne," in ji Shelby daga kan teburin, "in aka cire ni, lissafin ya yi daidai ke nan?"

Dwayne ya yi dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya ce bari ya ɗauko makulli.

Rhonda ta jira ta ji bakinta ya ce a'a. Gida sun sake shi, aiki kuma ba ya jira, ga Wyatt yana ja mata riga yana neman banɗaki. Abin da ya fito shi ne: "Zuwa hutun makaranta ne kawai, 'yar Mama. Za mu riƙa zuwa."

"Daga Dakota?" in ji Shelby.

Rhonda ta kama hannun Wyatt ta kai shi banɗaki.

Da aka gama ciniki, Curtis ya shiga mota zai yi baya ya haɗa ta da tirelar. Aiki ne na mutum biyu, ɗaya na tuƙi, ɗaya na nuni da hannu, kuma Rhonda ba ta taɓa iya shi ba.

"Shelby!" ya kira ta taga. "Zo ki duba mini. Uwarki sai ta sa na daki katanga."

Yarinyar ta je ta tsaya inda zai hange ta a madubi. Ta ɗaga hannu.

"Dama kaɗan. Ƙara. Tsaya nan."

Ƙarfen wuyan tirelar ya faɗa mazauninsa a bayan motar a gwajin farko.