Ƙwaya Uku a Sahur

Da sunan Allah Mai rahama, wanda jijiya ba ta motsi sai da izininSa. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

…amma ai hannun ya tsaya. Abin da Malam Ummaru ke nanata wa kansa ke nan a kan bencin asibiti a Birnin Kebbi, matarsa Sharifa tana kwance a ciki. Shekara biyu hannun nan yana karkarwa, carbi na suɓuce mata, har aka rubuta mata ƙwayoyin nan. Ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare.

Sai azumi ya kama.

"Malam, ta rana fa? In sha azumin?"

Shi ta tambaya. Shi da ya shekara arba'in yana karantar da mutanen Argungu cewa Allah Ya yi wa majinyaci rangwame. Me ya hana shi cewa sha? A ce matar Malam tana haɗiyar ruwa da azahar… Ya ce ta haɗa ukun a sahur. Da hannunsa ya ɓare su.

Olumide mai kyamis kuwa ya faɗa, har da ɗaga yatsa: "Baba, kada a haɗa! Ƙofar da maganin nan ke rufewa don rawar hannu ta lafa, ita ce ƙofar yawu, ita ce ta gumi." Ya ji. Wallahi ya ji.

Kwana huɗu. Bakinta ya bushe — ya ce ƙishin azumi ne. Fitsari ya ƙi fita, kunya ta hana ta faɗa. Yau da la'asar, cikin zafin nan mai narka kwalta, kowa sharkaf, ita goshinta ƙamas kamar tukunya a kan murhu. Tana tsintar abin da babu a kan tabarma. Ta dube shi ta kira sunan mahaifinta.

Likita ya tambaya, nawa ta sha? Malam ya ce bai sani ba. Da azumi a bakinsa!

Ya miƙe. Ta tagar ɗakin yana hango hannun a kan zanen gado, shiru, kamar ba nata ba. Ya Rabbi, mayar mata da karkarwar. Mayar da ita… Babban yatsan ne ya motsa, ko ƙwalla ce? Ga likitan can yana tahowa. Uku. Kalma ɗaya ce zai faɗa masa, harshe ya yi nauyi.

Allah Ya gafarta wa wanda ya rubuta, Ya ba mai karatu da majinyacinsa lafiya. Amin.