Katunan da suka riƙa fito da Yaya

Wata huɗu da rasuwar Yaya, babbar nas ta wani ƙaramin asibiti ta kira ni da hantsi.

"Ƙanwata, ki zo yanzu. Yayanki ne ke fitowa a kwamfuta."

Shi ya rubuta musu manhajar rajistar marasa lafiya, ni kuma na gaji aikin tunda tare muke yi. Na tarar da layi har bakin ƙofa. Mai rajista ta ja kujerarta baya, ta naɗe hannu a ƙirji. A makon aka kawo musu sababbin katuna. Nas ta karɓi na wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta goga a na'ura. Sai ga hoton Yaya, da karkataccen gilashinsa, da sunansa, da rukunin jininsa.

Na ce a goga wani. Katin wani direba, Yaya. Katin jariri ɗan kwana tara, Yaya.

"Jiya saura ƙiris a ƙara wa wata mata jini irin nasa," in ji nas. "Allah ya sa na ɗaga kai na dubi hoton."

"Ni dai ba zan sake taɓa ta ba," in ji mai rajista. "Ko da ransa bai zo mana sau arba'in a wuni ba."

Ba wanda ya yi dariya.

Na haɗa na'urar da kwamfutata, na goga katin tsohuwar. Sunanta ya fito daidai. A ta ɗakin magani ma daidai. Ta rajista ce kaɗai ke haka, kuma ita ta fi kowacce tsufa.

Na zauna na bi lissafin. Kowane kati yana ɗauke da alamomi takwas, lambobi haɗe da haruffa daga A zuwa F, manhajar ce ke mayar da su lamba ta yau da kullum ta nemo mutum. Tsofaffin katunan da 7 suke farawa, sababbin da 8. Sauran kwamfutocin suna da wurin ɗaukar babbar lamba. Tsohuwar kwamfutar kuwa ƙidayarta ba ta wuce 2,147,483,647. Duk abin da ya haura nan, kamar lambar kowane kati mai farawa da 8, sai ta tsaya a kan wannan lambar, ta yi shiru kamar ba komai.

Na nemo fayil mai wannan lambar. Yaya ne ya buɗe shi shekara shida da suka wuce. A gurbin bayanin likita ya rubuta: "Gwaji ne. In kun gan ni, ƙidaya ta cika. Ku kira ni." Ga lambar wayarsa a ƙasa.

Na daɗe ina kallon rubutun. Nas ta karanta ta bayana, ta juya ta fita.

Kafin azahar na gyara yadda manhajar ke karanta katin, na gwada a kwamfutocin duka. Na goge rukunin jinin, na cire hoton, na sa lambata a madadin tasa. Rubutun na kasa taɓawa. Tsohuwa ta ga likita, layi ya motsa.

Da na koma gida, Mama na ninke kaya a tsakar ɗaki. Ta dube ni ta ce, "Ke kuma lafiya? Kamar wadda ta yi gamo."

Na ce mata yunwa ce.