Biyu a Madadin Ɗari

Gwamma ta tura ƙwayar maganin gaban likita da ɗan yatsa.

"'Yar nan, duba dai. Ko mai ba da magani ya yi kuskure? Wannan ai ba ta kai ƙwayar dawa ba."

Ɗanta Tasi'u na zaune gefenta, kansa a sunkuye. Tun da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi, har ya taka daga Masanawa zuwa Gammo ba takalmi yana amsa muryoyin da shi kaɗai ke ji, manyan ƙwayoyi ne suka dawo mata da shi. Sai dai sun bar shi da barci da nauyin jiki, ko fartanya ba ya iya ɗagawa. Shi ya sa yau a asibitin Gwarzo aka ce za a sauya.

"Ba kuskure, Inna," in ji Likita Badi'a. "Abin da miligiram ɗari na tsohon ke yi, kusan miligiram biyu na wannan ke yin sa. Kamar tattasai ne da barkono. A hankali za mu janye wancan."

"Da niyyata in riƙa ba shi uku-uku."

"Subhanallahi! Da jikinsa ya sandare."

Gwamma ta ɗauki ƙwayar, ta ɗora a tafin hannu.

"To, wa ya auna?"

"Likitoci, a ƙasashe da yawa, shekara da shekaru. Sun bi dubban marasa lafiya irin Tasi'u, suna gwada wannan da wancan. Duk da haka jiki da jiki ya bambanta, dole mu sa masa ido."

Gwamma ta sake duban ƙwayar. Ashe akwai wasu iyaye can nesa da suka kwana a bakin ƙofa kamar yadda ta kwana, kuma wahalarsu ce ta taru a wannan ɗan farin abu.

"Allah mai iko," ta ce a hankali.

Ta kwance bakin mayafi za ta ƙulle maganin, sai Tasi'u ya ɗago.

"Inna, ba ni in riƙe. Na ji bayanin."

Gwamma ta dubi likita. Ta daɗe tana kallon hannun da ya miƙo, yana ɗan rawa. Sannan ta sa masa a ciki.