Mai Walda a Bakin Ƙofa

Mai walda ya tsaya a bakin ɗakin hoton ƙwaƙwalwa, 'yan kunnen matarsa da zobenta a tafin hannunsa, zuciyarsa na tafasa.

An daɗe abin na cinsa. Duk sanda suka zauna cin abinci, sai ta karkata fuska hagu, wajen da ƙaninsa ke zama, shi mijin kuwa sai kallon gefen ido. Ƙanin ga baki ba linzami: matarmu kaza, matarmu kaza. Mai walda kuwa irin mazan nan ne da gara su ƙone ƙurmus a ciki da su buɗe baki su yi tambaya. Ya rage magana, ya daina dawowa da wuri. Sai da idonta na hagu ya fara lanƙwasowa wajen hanci, ƙanin ya matsa lamba, sannan aka zo asibiti.

Da ta ga na'urar, dogon rami mai ƙugi, ta ce atafau ba ta shiga ita kaɗai. Ma'aikaciyar ɗakin ta ce mutum ɗaya zai iya zama kusa da ita, ta dubi mijin.

"Malam, mece ce sana'arka?"

"Walda."

"Ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido?"

"Sau nawa kuma."

"To ba ka shiga. Maganaɗisun da ke cikin na'urar nan zai iya jan ɓurɓushin da ya rage, ka rasa idon. Kai fa?" Ta juya ga ƙanin.

"Ni alli kawai nake riƙewa," in ji ƙanin, yana kwance agogo. "Yaya, riƙe mini."

Haka ya tsaya da kayan mutum biyu a hannu, yana hango su ta gilashi: ita a kwance, ƙaninsa a gefenta yana ta motsa baki. Kishi ya turnuƙe shi, har ya ji da ma ya yi ƙarya ya shiga, idon ya tafi.

Bayan an gama, likita ya nuna musu wani ɗan farin tabo a hoton. Ƙari ne, ya danne jijiyar da ke juya ido gefe. Ya ce za a iya aiki, amma da an zo da wuri da ya fi sauƙi.

"Kina ganin abu biyu-biyu?"

"Tun tuni, likita. In na fuskanci maigidan, mutum biyu nake gani. Sai na karkata kai hagu sannan ya koma ɗaya."

Mai walda ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya dubi matarsa.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta juyar da fuskarta wajen ƙaninsa, don ta ga mijinta sosai.

"Shi ya tambaye ni," ta ce. "Kai ina ta jira."