Janar da Aka Ɗaure wa Ƙeya

Shekara biyu ina saje a ƙarƙashin Janar Ozias Tillery, kuma wallahi ban taɓa ganin mai tsoron ƙarar bindiga kamarsa ba. Kafin yaƙin basasa ƙusa da igiya yake sayarwa a Ohio, surukinsa ne ya nemo masa muƙamin. Burinsa ɗaya ne, ya koma gida da ransa. Har ya aika takardar ajiye aiki, yana jiran amsa, sai ya ce bari ya ɗauki hoto da kaki kafin ya tuɓe.

Aka kira mai hoto, wani Barnabas Quill, ya zo sansaninmu a Tennessee. Ya tsayar da Janar a kan tudu, ya kafa sandar ƙarfe a bayansa, ya maƙale masa ƙeya da wani ƙarfe mai hana kai motsi, irin na masu hoton wancan zamani, ya murɗa tam.

"Yallaɓai, ko ƙifta ido kada ka yi sai na ƙirga arba'in."

Yana kan sha biyu igwar abokan gabanmu 'yan Kudu ta tashi daga ƙetaren rafi. Quill ya yar da baƙin mayafin da yake lulluɓa wajen ɗaukar hoto ya ranta a na kare. Sojoji suka watse, tukwanen wake suka kife.

"Saje Pruitt!" Janar ya kira ni ta gefen baki. "Kwance ni, don girman Allah!"

Na murɗa, na sake murɗawa, ashe ƙara matse bawan Allah nake yi. Idanunsa suka firfito.

Masu gudu kuwa da suka waiga, sai suka hango Janar tsaye ƙyam a kan tudu, hannu a ƙirji, harsashi na shawagi, ko sunkuyawa bai yi ba. Wani ya ce, "Kai, ku dubi tsohon nan! Mu ne muke gudu?" Kunya ta kama su, suka juyo da ihu. Kafin yamma sun kori 'yan Kudu har bayan gada.

Sai da maƙerin dawakai ya zo da guduma aka raba shi da sandar.

Bayan sati uku amsa ta iso daga Washington. Wai namiji irin wannan ba a barinsa ya tafi gida. An ƙara masa girma, kuma gobe ya ja mu zuwa inda wuta ta fi zafi.

Ya zauna a kan akwatin biskit ya fashe da kuka, har ya ba ni tausayi. Sojoji suka ce kukan murna ne, suka saɓa shi a kafaɗa, suka ɗora shi a kan farin dokin da ke gaban kowa.